Saƙon da Ba Ya Isowa

Shekara talatin da ɗaya ƙafata ta dama
tana taka keken ɗinki a Dilimi.
Ta san ranar da bel zai tsinke tun bai tsinke ba,
ko ɓawon gyaɗa na taka a duhu
sai ta kawo mini ƙara.

Yanzu ta daina yi mini magana.

Ranar Laraba, layin masu ciwon suga,
benci kamar ƙanƙara, kowa da katinsa,
kowa ya tuɓe takalmi sai ka ce ƙofar masallaci.
Sista Kangyang ta ɗora diddigena a kan tawul,
ta ciro wani zare siriri irin na fatsa.
"Baba Ɗanliti, rufe ido. In ka ji, ka faɗa."

Na rufe. Na jira.
Na ji tarin wata tsohuwa,
na ji hon a bakin titi,
na ji cikina yana tuna mini ban karya ba.
Da shirun ya yi yawa, kunya ta sa na ce, "Na ji."
Ta ce, "Baba, ai ban taɓa ka ba tukuna."

Sau goma ta taɓa. Uku suka iso.
Bakwai sun ɓace tsakanin yatsa da kai.

Ta danna bayan idon sawu, tana sauraron jini da yatsa biyu,
ta buɗa yatsuna ɗaya ɗaya
yadda nake bin ɗinkin yaron shago ina neman inda ya tsallake.
Sai ta tsaya.
Ƙarƙashin babban yatsa, guntun allura.
Na gane ta. Tawa ce.
Tun Litinin nake sharar shago ina nemanta,
ashe har Farin Gada na je da ita sayen kabeji.

Ba ta yi faɗa ba, wanke wurin ta yi.
Ta ce sanyin Jos ba hujja ba ne na gasa ƙafa a kasko,
ta ce ruwan alwala, gwiwar hannu za ta fara ɗanɗana shi,
takalmi kuwa a zazzage shi kullum kamar ana zargin kunama.
Ina gyaɗa kai, amma hankalina yana kan Sale Direba.
Bara ya aiko da wandonsa na shadda.
Ni na naɗe ƙafar hagu, ni na ɗinke bakinta,
ban karɓi ko sisi ba, ban kuma kalli fuskar ɗansa ba.

Da dare na ɗauko madubin shago,
wanda samari ke juyi a gabansa ranar jajiberi,
na kwantar da shi a ƙasa.
Uwani ta haska tocila, tana mita wai batir ya yi tsada.

Ga tafin ƙafata, fari fat, duk faso,
shekara sittin da biyu yana ɗauke da ni
ban taɓa kallon fuskarsa ba.

Na ce, to, tunda ka daina aiko saƙo,
ni zan riƙa zuwa gaisuwa.

Uwani ta ce, "Ɗaga ɗayar."