Ɗaki na Uku

Ɗaki huɗu na gina a Bagalam
da kuɗin man gyaɗa.
Kowane bulo na san kwalbar da ta saye shi.
Na farko nawa, sauran na ƴan haya,
famfo ɗaya, dogon yaro ɗaya,
da takardar wuta da muke gardama a kanta duk wata.

Tsahiru ne a na uku,
mai gyaran agogo a bakin kasuwa,
mutumin Dakwaro, ba mata, ba hayaniya.
Biyar ga wata zai yi sallama,
jikka goma sha biyu a ninke, da hannu biyu.

Da bazara ne,
zafin nan da ke hana ƙadangare taka ƙasa.
Ran Talata ya shiga ya tura ƙofa.
Ran Alhamis ƙudaje suka faɗa mana
abin da ba mu tambaya ba.

Likita ya ce zuciya ce.
Aka kai shi, aka dawo, aka raba gumba.
Ƙanensa ya kwashe shekara shida a buhu biyu.

Na wanke da girezil, na sa fenti shuɗi, hannu biyu,
na yi turare, na sa aka sauke.
Wari ya fita cikin mako.
Sunan ne ya ƙi fita.

Yanzu hau kabu-kabu daga tasha,
ka ce gidan Cima mai mai, sai ya tsaya tunani.
Ka ce gidan da aka iske mutum,
ko kwana ba zai tambaye ka ba.

Na ɗaki na biyu sun tashi, wai yaronsu na firgita.
Masu sayen mai na tsayawa daga zaure,
su miƙo kwalba kamar masu ɗibar wuta.

Narwa dillali ya zo, ya ƙi zama.
Ya ce, Inna, jikka bakwai,
shi ma sai baƙo, kuma ki ja bakinki.
In sayarwa ce, mai taya miliyan tara bara
ya ce shida, don zumunci.
Na ce, Narwa, bulo nawa ne ya mutu?
Kwano nawa aka binne?
Ya ce ni ɗan aike ne,
bakin mutane ke yanka farashi.

To, a nuna mini gida ɗaya,
tun Maradin gangare da gulbi ya tasa
har wannan da ta hawo tudu,
wanda makara ba ta san ƙofarsa ba.
A ɗakina Jadi ya cika, kansa bisa cinyata.
Nan aka yi wa uwarsa wanka.
Jarirai biyu, ɗaya ko suna bai samu ba.
Ba wanda ya rage mini dala.

Su an riƙe musu hannu.
Shi kuwa, taku goma daga ƙofata,
kwana biyu ina suyar ƙuli,
ina jin rediyonsa na magana shi kaɗai,
har na ce yau Tsahiru na hutu.
Wannan ne ke wari,
kuma shi fenti ba ya kama shi.

Sai na kwashe kwalla da gado na koma na uku.
Nawa na ba wani malamin lakwal, jikka sha biyar.
Ya shiga ya duba, ya shaƙi iska,
ya ce ɗakin nan da albarka.
Na ce ƙwarai.

Akwai agogon da ƙanen ya manta a ƙusa,
yana baya da minti goma.
Na bar shi yadda yake, wanawa kawai nake yi.
Da asuba, kafin in ɗora tukunya,
sai na bi ƙofa ƙofa ina bugawa,
ba na gusawa
sai an ce, mun tashi, Inna.