Mai Riƙe da Makullin Zaure

Ƙarfe huɗu na yamma, Manchester ta riga ta yi duhu.
Ruwan nan nasu, marar tsawa, marar ɗaukewa,
yana tsiyaya a kan motar haya
da na cika da kujeru ɗari da ashirin.
Ni ce direba, ni ce 'yar dako,
ni ce na sa hannu a takarda
cewa in wuta ta tashi, a wuyana take.

Wata bakwai ina rubuta wasiƙu
don mutum biyar su taso daga Kano.
Huɗu suka sauka.
Ofishin biza ya ce bai gamsu ba
cewa Ɗanlasan zai koma gida,
mutumin da ko Zariya ya je, ba ya kwana.
Kalangunsa dai ya iso,
naɗe cikin tsohon zanen matarsa.
Ba wanda ya tambayi kalangu takardar banki.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Wanda ya faɗa bai taɓa shirya wasa ba.
Fatar ta sha raɓa, ta saki,
na tsuguna a banɗaki da na'urar busar da gashi
ina lallashinta kamar jaririyar da ta ƙi nono,
Declan mai sauti na leƙowa:
wai makirufo nawa gurmi ke buƙata,
kuma wa zai buga wancan?

Wa zai buga.
Na kira lamba tara. Ta goma ta ɗauka:
Zubairu, ma'aikacin jinya, haifaffen Cheetham Hill,
Hausarsa duk ta karkace,
amma kakansa makaɗin mahauta ne a Gusau.
Ya zo da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat,
ya saƙala abin a hammata,
ya matsa tsarkiya sau ɗaya.
Mai gurmi ya daina taunar goro.

Ban ji waƙa ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba.
Ina ƙofa, ina ƙirga kai,
ina roƙon mai jan Toyota ya janye daga layin maƙwabta,
ina ce wa Hajiya Uwani tikiti ba ya da ragi
ko da ta san uwata.
Ta tsagar labule kawai na hango
Baba Iro, shekara talatin yana tuƙa bas a garin nan,
ya miƙe ba sanda,
yana liƙa wa Zubairu fam biyar a goshi.
Kuɗin nan na roba ne, ba sa kama gumi,
suna zamewa, yana ɗauka, yana sake liƙawa,
fuskarsa sharkaf, ba ruwan sama ba.

An wasa masu kuɗi, an wasa matattu,
an kira garuruwa, kowa ya yi guɗa a kan nasa.
Sunana bai shiga baiti ba.
Sha ɗaya daidai mai zaure ya nuna mini agogo,
ni na kashe musu fitila,
ni suka harara.

Na share bawon gyaɗa, na tattara kofuna,
na buga lissafi a bayan ambulan:
saura fam tamanin da uku, daga aljihuna.
Inna kan tambaya a waya, wai ni aikin me nake yi a Turai?
Yau ma ba ni da amsar da za ta shige ta.

A mota na tura wa Ɗanlasan abin da na naɗa.
Kafin na kai gida sai ga muryarsa,
carar zakara a bayanta:
"Yaron nan yana saurin matsa tsarkiya.
Amma hannun na gado ne.
Ki bar masa kalangun."