Ta Goma Sha Biyu

Ajiye na'urar taki a kan tabarma, Shamsunnahar,
nesa da kofin shayi, hannuna rawa yake.
Kin ce in jar fitilar nan ta kama, tana ji.
To, ta ji.
Sunana Mofazzal Hawladar, ɗan mai kwale-kwale,
jikan mai kwale-kwale.
A saba'in da ɗaya shekaruna goma sha tara,
gemuna bai isa a kira shi gemu ba.

Kin tambaye ni rana da wata.
'Yata, ba a rataya kalanda a cikin ruwa.
Abin da na sani, shinkafa ta kai gwiwa,
kogin Sandhya ya cika ya cinye gonar kawuna,
kwaɗi sun hana kowa barci.
Je ki lissafa, ku ne masu karatu.

Bindiga ɗaya gare mu, mu uku.
Nirmal Dhali ke riƙe ta da dare, ni da rana,
na ukunmu ya fi son ganinta a hannun wani.
Mukan lulluɓe kwale-kwale da ciyawar ruwa
mu kwanta ciki kamar kifin da aka barbaɗa wa gishiri,
jirgin sojoji ya wuce, fitilarsa na lalube,
matsattsaku na shan jininmu, ba mai ikon cewa wash.

Littafin da kika zo da shi daga Dhaka
ya ce mutum goma sha ɗaya suka faɗi a mashigarmu.
Karanto min su.
I, shi ne. I. Wannan ɗan liman ne.
Ga Nirmal nan, sun ɓata sunan ubansa.
Amma goma sha biyu ne.

Akwai Amirunnesa, matar mai gyaran koma.
Ba ta san inda ake ɗana bindiga ba,
ba ta taɓa tambayar sunanmu ba,
wai abin da ba ta sani ba duka ba ya fitar da shi.
Bayan isha'i takan shigo ruwa har wuya,
tukunyar shinkafa da barkono a ka,
ta tura mana ta juya, ko sallama babu.

Daren nan ma ta zo.
Fitilar ta kama tukunyar kafin ta kama mu.

Da asuba tukunyar ce ta iso gaɓa, ita kaɗai,
murfinta a ɗaure, shinkafar ko jiƙewa ba ta yi ba.
Mun ci.
Kada ki kashe na'urar.
Mu huɗu da muka rage, mun ci, mun suɗe yatsu,
ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Shekara hamsin da ɗoriya ana kirana taro,
a rataya min furanni, a miƙo min lasifika,
in ba da labarin gadar da muka fasa, a tafa.
Ba wanda ya taɓa cewa, wa ya ciyar da ku?
Ni ma ban ce ba.
In na buɗe baki, shinkafar nan ce ke tsaya min a wuya.

Kin ce ƙa'idarku sai da shaida na biyu.
Ukun sun riga ni.
Amma 'yarta na nan, tana sayar da ganyen taunawa a bakin tashar jirgi,
an gaya mata ambaliya ce ta tafi da uwarta.
Ba ni sandata, tare za mu.
Gara ta ji daga bakina kafin ta ji daga littafinki.

Buɗe akwatin can, ƙarƙashin lambar yabon.
A'a, bar lambar. Wancan, na cikin tsumma.
Murfin ne.
Ki ɗauki hotonsa, amma ba zai tafi Dhaka ba,
yana da mai shi.

Rubuta sunan yanzu ina kallo,
ƙasa da na Nirmal.
Shayinki ya huce, jirgin ƙarfe huɗu ba ya jiran kowa.