Rediyon da Babu Batir

Ɗan sandan ya ƙirga a gabana,
yana nunawa da bakin biro:
ashirin da bakwai, in ji shi.
Na ce masa ai ɗaya ma ta isa.
Ya ɗago ya dube ni. Bai rubuta ba.

Baba mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Marusa,
shekara talatin yana lallashin ƙarfe ya yi magana.
Rabe ke riƙe masa dalma tun yana firamare.
Duk gidanmu ba mai kunnensa:
daga zaure yake gane takun Inna a lungu.

Kunnen nan ne ya fara cin amanarsa.
Wata Laraba ya ce da ni,
"Yaya, kashe waccan, zagina take."
Na juya ta. Bayanta a buɗe,
babu batir, sai tsatsa da busasshen kyankyaso.

Mun kai shi inda ake kai mutane.
An tofa, an turara,
mari ya ci idon sawunsa wata biyu.
Daga baya asibiti: ƙwaya fara, ba ta kai wake ba.
Wata takwas muka samu Rabe ya dawo,
yana cin tuwo da mu,
yana tsokanata wai miyata ba gishiri.

Sai kuɗin ƙwaya ya ninka,
shago ya mutu, kowa ya koma jin labarai a waya.
Baba ya fara raba ta biyu da reza.
Sannan huɗu.
Sannan "gobe, in Allah ya kai mu."

Ba zan faɗi abin da na tarar ba.
Tabaryar Inna ce. Ta tsage.
Maƙwabta sun ce muryarsa kaɗai suka ji ta katanga:
"Yi shiru! Na ce ka yi shiru!"
Baba ya daɗe da yin shiru.
Abin da Rabe ke duka ne ya ƙi.

A bakin rijiya aka same shi zaune,
ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

Masu ta'aziyya sun cika tabarmi.
"Allah ya jiƙansa," sai su tsaya nan,
ragowar maganar ta maƙale a wuya.
Ni kuwa biyu na rasa dare ɗaya,
guda kawai aka yi wa sallah.

Yanzu yara na canza hanya a ƙofarmu.
Ɗan Gwaggo Dela, mai irin lalurarsa,
wanda ko ɗan tsako bai taɓa takawa ba,
uwarsa ta daina barinsa zuwa masallaci.

Ran Juma'a nake kai wa Rabe fura.
Allura ta kashe masa rediyon,
ya yi ƙiba, hannunsa na rawa.
Makon jiya ya leƙa bayana ya ce,
"Baba bai zo ba? Fushi yake da ni?"
Na ce sha, kada ta tsinke.

Da na zo wanke rigar Baba ta aiki,
a aljihun gaba, cikin takardar sikari,
na samu kwatar ƙwaya,
an yanke ta daidai, irin yankan mai gyara.
Tana nan a gwangwanin allurata.
Na rasa wanda zan ba.