Roba Ɗaya a Gwangwanin Kifi

Ruwan Iquitos ba ya sallama.
Yana sauka kan kwanon rumfarmu
kamar ana zazzage buhun tsakuwa,
ni kuwa ina tsugune gaban babur ɗin Wilmer
da ya shigo da tari tun hantsi,
salansa na fesa shuɗin hayaƙi
har kajin maƙwabta suka bar layin.

Babana, Eleuterio, yana kan bencinsa.
Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe masa rana,
amma hanci bai ajiye aiki ba.
Ya shaƙa sau ɗaya, ya ce:
"Mai yake sha, Nélida. Bar ringi, ba ruwansa.
Hayaƙin farkawa ne, in ya ɗau zafi sai ya lafa.
Duba robar bawul."

Na sauke tanki, na zare fulogi,
baƙi ƙirin, jiƙe kamar lagwani.
Na juya inji har alama ta hau alama,
na ɗaure sarƙa da guntun waya
kada ta faɗa rijiyar da ba ta da guga.
Noti huɗu.
Kan inji ya taso a hannuna, da sauran ɗumi.

Tsohon gasket ya kama kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Na bi shi da reza a kwance, sannu sannu,
don alminiyon ba ya yafe ƙarzuwa.
Na danne sifirin, 'yan makullai suka zame,
na tsince su zuwa gwangwanin kifi
inda muke ɓoye duk abin da ƙasa ke son haɗiyewa.

Ga robar. Ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.
Ta bushe, leɓenta ya tsage.
Na sa ta a tafin Baba,
ya murza da babban yatsa, ya kece da dariya:
"Wannan 'yar mitsitsiyar ce
ke cinye wa Wilmer kuɗin shinkafa."

Wilmer na leƙe, yana duban agogo.
Jirgin Yurimaguas zai tsaya da la'asar,
fasinja da kaya ba sa jiran kowa.
Sai hannuna ya ari gaggawarsa.
Na shafa mai, na mayar da bawul, na shimfiɗa sabon gasket,
na ɗaure noti yadda aka koya mini,
na wannan kusurwa, sai na waccan,
kaɗan a nan, kaɗan a can,
kamar mai sasanta 'yan'uwa huɗu kan gado.

Bugu biyu ya tashi.
Murya tas. Wilmer ya fara ƙirga kuɗi.

Na ɗauki gwangwani zan ɗauraye da kalanzir,
sai ga ta a ƙasa, kore shar, ko mai bai taɓa ta ba.
Biyu ne a leda. Ɗaya na sa.
Wato bawul na biyu da tsohuwarsa ya koma.

Ba wanda ya gani.
Baba ba ya gani.
Sati uku, wata guda, kafin hayaƙi ya tona,
kuma wa zai ce ba halin tsohon inji ba ne?
Na rufe ta a tafina, tana da sanyi.

"Wilmer," na ce, "kashe shi."

Ya zagi ruwa, ya zagi jirgi, ya ambaci kakata.
Baba bai tambayi komai ba.
Ya lalubi sifana mai lamba goma sha biyu,
ya miƙo ta saitin muryata.
"Gasket da aka matse ba ya maimaita aiki," in ji shi.
"Aika yaro shagon Zoila.
A rubuta bashin da sunanki."

Daga kogi jirgi ya yi kuka, dogo.
Na jira ƙarfe ya huce,
na ɗora sifana kan noti na farko.