Minti Uku a Kicin

Tsisana ta dawo gida da wata tsohuwar kyamara
irin wadda ake wanawa da hannu,
ta dasa ta a bakin ƙofar kicin,
ta ce, "Mama, kar ki gyara komai."

Na ce, 'yar nan, Tbilisi cike take da abin kallo.
Ga kogi, ga gadoji, ga majami'u a kan tsauni,
ga barandun katako da baƙi ke ɗaga kai su gani.
Me za ki samu a nan?
Tukunyar jiya ko jiƙa ta ban yi ba,
bangon ma ruwan sama ya zana masa taswira.
Ta ce, "Gadoji suna da masu ɗaukarsu.
Ke wa ya taɓa ɗaukar ki kina ɓare albasa?"

Abin yana ƙara kamar keken ɗinki.
Minti uku zaren yake ci, sai ya ƙare,
kuma kowane zare kuɗin cefanen mako ne.
Ranar farko na tsaya ƙiƙam kamar mai hoton fasfo.
Rana ta huɗu na saka mata ido, na yi gatsine.
Kafin wata ya mutu na manta da ita,
kamar yadda ake manta agogon bango.

Ba labari, ba jarumi, ba mai mutuwa a ƙarshe.
Ta ɗauki tururin buta.
Ta ɗauki diddigena a cikin silifas.
Ta ɗauki ƙuda yana zagaya bakin kwalbar zuma
har zare guda ya tafi a kansa,
ni kuwa ina lissafin kuɗin a zuci.

A bahon wanka take wanke fim ɗin,
da gahawa da sodar wanki, cikin duhu,
warin ya kwana biyu bai bar gidan ba.
Ta shanya shi a igiya tsakanin safata da tawul.
Wata rana maƙwabciya Eteri ta zo aron gishiri,
ta banko ƙofa ba sallama,
haske ya faɗa wa zaren, ya lashe rabinsa.
Na ɗauka za ta yi kuka.
Ta ɗaga shi sama, ta daɗe tana dubawa,
ta ce, "Wannan ma ya faru a gidan nan. A bar shi."

Daren da aka nuna, zanin gadona ne allon,
an ɗaure shi a jikin itacen inabin tsakar gida.
Mu goma sha ɗaya ne, da kyanwar wani.
Fim ɗin ba shi da murya,
sai majigi ke ta taunar zare a bayanmu.

Wasu hannaye suka fito, suna murza ƙullu.
Na ce a raina, ina ta samo hannun uwata?
Sai na ga tabon ƙunar da ke babban yatsa.

Sai ga wata mata ta buɗe kabad,
ta sauko da kofi biyu,
ta tsaya,
ta mayar da ɗaya.
Safiya ta sake, rigar ta sake,
kofi biyu, ta mayar da ɗaya.
Sau bakwai.
Shekara shida ke nan da binne Shalva,
ni ban san ina yin haka ba.
Daidai inda matar za ta juyo da fuska
hasken Eteri ya cinye hoton, allo ya yi fari fat.
Na gode wa gishirin nan.

Ba wanda ya tafa. Wani ya yi tari.

Da asuba na iske kyamarar a kan tebur.
Na wana ta yadda na ga tana yi,
na tura ƙofar ɗakinta a hankali.
Tana barci, baki a buɗe,
ƙafa ɗaya ta leƙo daga bargo
kamar lokacin da take 'yar shekara uku.
Hannuna yana rawa.
Ban gyara mata bargon ba.