Mai Katafila a Tsaunukan Kentucky

Shekara ashirin da bakwai na yi a kan katafila,
ni Verlin, ɗan Ottis mai haƙar rami.
Ubana ta ƙasa ya shiga tsaunin, da fitila a goshi,
ya fito da baƙin tari.
Mu ta sama muka zo masa.
Nakiya ta yi magana da tsakar rana,
muka fille wa tsaunin kai.

Kwal ya biya wa 'ya'yana makaranta,
ba zan zage shi ba.
Amma ƙoramar da na koyi iyo a cikinta
ni na tura mata duwatsu,
da hannun nan da nake cin abinci.

Akwai wata yarinya daga hukuma, Twila Begley,
takalmin roba, ɗan littafi a aljihu.
Ta ɗaura jan ƙyalle a wata bishiya mai sakin ɓawo,
ta ce: wannan ba mai taɓa ta sai ganye ya zube,
jemagu na shayarwa a ƙarƙashin ɓawon.
Muka yi dariya har da riƙe ciki.
Injin miliyoyi ya tsaya wa jemage!
Da magariba ta ce in zo in gani.
Na ƙirga arba'in da ɗaya suna fita,
kowanne bai fi babban yatsana ba.
A hanyar gida ban kunna rediyo ba.

Da kwal ya ƙare aka ce a rufe.
Muka danne ƙasa kamar daɓen ɗaki,
aka watsa ciyawar da ko akuya za ta yi wa kallon raini,
aka ɗau hoto, aka ce an gyara.
Kore shar, ba musu.
Amma je ka kasa kunne:
ba tsuntsu, ba gyare,
iska kaɗai ke yawo kamar mai neman gidansu.

Bara suka kira ni, gemu ya yi fari.
Twila ce, ita ma da furfura.
Katafila dai katafila,
sai dai an ɗaura mata ƙugiya a baya, tsawon mutum.
Ta ce: abin da ka danne, zo ka buɗe.
Na tsaga filin tsaye, na tsaga shi kwance,
ya yi muni kamar fuskar mai tashi daga barci.
Ta ce munin nan muke so,
saiwa ba ta son santsi.

Sai ga 'yan makaranta da bokitai,
da tsofaffin abokan aikina masu numfashi da ƙyar,
muna dasa 'yan sanduna marasa ganye,
har da irin bishiyar da kakata ke gasa 'ya'yanta a murhu.
Na kwarfe ramuka shida don ruwan sama ya kwanta.
Na jibge kututture a gefe, wai masaukin baƙi.

Ƙanƙara ta sauka, ta narke.
Rabin dashen barewa ta cinye,
na zage ta, sannan na tuna
shekara nawa ban ga sawunta a nan ba.
Wani dare kwaɗi suka ɓarke da kuka a rami na huɗu.
Wa ya gaya musu? Ta ina suka hau?

Jiya na taka birki da ƙarfi.
Kunkuru ne, mai zanen rawaya a baya,
yana haye sawun katafila,
tudu, kwari, tudu, kwari.
Na kashe inji na jira shi.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana,
amma shi bai ma ɗago ya dube ni ba.

Ƙoramar tana can ƙasa, ƙafa ɗari biyu.
Ita ba ƙugiyar da za ta kai gare ta.
Inuwar nan kuma ba ni zan sha ba.
Na sauka na duba dashen da ke kusa da taya:
ya kai min gwiwa.